Allon launi a na'urorin tafin hannu na farko: me ya sa ƙorafi ya yi yawa?

Ɗalibin Tarihin Kwamfuta ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina nazari a kan ƙananan kwamfutocin tafin hannu da ake kira PDA, waɗanda mutane suka riƙa ajiye kalanda da lambobin waya da jerin ayyukansu a ciki kafin wayoyin zamani su karɓe wannan aiki baki ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lokacin da aka tashi daga allo marar launi zuwa mai launi, wato tsakanin 1999 da 2002.

Idan aka bi abin da kamfanoni suka rubuta a jikin kwali, kowace sabuwar na'ura ta fi wadda ta gabace ta. Palm IIIc, wadda ta fito a watan Fabrairun 2000, tana nuna launuka 256, ita kuwa Visor Prism ta kamfanin Handspring, wadda ta biyo baya a watan Oktoba na shekarar, tana nuna 65,536, kuma tun a 1999 Casio ya riga ya kai wannan adadi da Cassiopeia E-100. Amma da mutum ya juya ga abin da masu amfani da su suka riƙa faɗa, sai ya tarar da kuka iri-iri: wannan ba ta karantuwa a rana, waccan ta cika duhu a ɗaki, wata kuma batirinta ba ya jimawa.

Tambayoyina su ne, mene ne ainihin abin da ya bambanta waɗannan alluna, wacce daga cikin na'urorin ta fi daɗin aiki a hannun mai amfani da ita kullum, sannan shin launin ya cancanci ƙarin kuɗin da aka ɗora masa? Na ga cewa a Amurka an sayar da IIIc a kan dala 449, alhali IIIxe marar launi, wadda suka fito tare kuma suke da ma'adana iri ɗaya ta megabait 8, dala 249 ce. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san fannin. Na gode.

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam ɗalibi. Kafin a yi maganar yawan launi, ya kamata a fara da tambayar inda haske yake fitowa, domin allon LCD, wato irin allon da waɗannan na'urori suke da shi, ba ya samar da haske da kansa, aikinsa kawai shi ne ya tare haske ko ya bar shi ya wuce. A tsofaffin na'urori marasa launi akwai wani shafi mai kama da madubi a bayan allon, hasken ɗaki ko na rana ya shiga, ya bugi shafin, ya dawo idon mai karatu. Shi ya sa duk yadda rana ta ƙwalle, rubutun ƙara fitowa yake yi, kuma ba a kunna fitila sai cikin duhu.

Launi ya rushe wannan tsari. Domin a samu launi, sai an raba kowane ɗigo na allo gida 3, a ɗora wa kowane gida matacin launi, ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi, kuma kowane mataci kusan kashi ɗaya cikin uku na farin haske yake bari ya wuce, sauran ya shanye. Kafin ma a kai ga matacin, shafin da ke daidaita haske a fuskar allon ya riga ya cinye kusan rabi. Idan ka haɗa lissafin, abin da yake isa ido ɗan kaɗan ne daga abin da ya shiga. Saboda haka injiniyoyi suka rabu hanya biyu, kuma kusan duk ƙorafin da ka karanta daga wannan rabuwar ya samo asali.

Hanya ta farko ita ce a cire madubin, a sa fitila mai ƙarfi a bayan allon, ta kasance a kunne muddin na'urar tana aiki. Wannan ce hanyar da Palm IIIc da Visor Prism da jerin Cassiopeia E-100 zuwa E-125 suka bi. A cikin ɗaki allunansu gwanin ban sha'awa ne, musamman na Casio, wanda mutane da yawa suka ɗauka shi ne mafi kyau a zamaninsa wajen nuna hoto. Amma da zarar an fita waje, hasken ranar da ke faɗowa a kan gilashin yana rinjayar na fitilar nesa ba kusa ba, kamar mutum ya kunna tocila da tsakar rana, sai ka ga mai na'ura yana kare allon da tafin hannu yana neman inuwa kafin ya karanta lambar waya ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce a bar madubin a inda yake, a yarda allon ya dogara da hasken waje, sannan a sa wata siririyar fitila a gefe wadda ke watsa haske ta gaban allon domin lokacin duhu. Compaq iPAQ H3600 ta 2000 da Palm m505 ta 2001 da Sony CLIÉ N710C duk a nan suke. Su a rana suke nuna kansu. Matsalarsu tana cikin ɗaki, domin hasken yana ratsa matacin launi sau 2, shiga da fita, don haka launin ya kan fito a kwance, fari ya yi toka-toka. Bugu da ƙari, shafin da ke ɗauko hasken fitilar gefe ya shimfiɗa shi a gaba ƙarin gilashi ne tsakanin ido da rubutu, yana rage kaifin baƙi, kuma duk ƙurar da ta shiga ƙarƙashinsa sai fitilar ta haska ta, ta riƙa ƙyalli. Kukan ƙura a ƙarƙashin allo ya shahara a kan iPAQ na farko saboda wannan dalili.

Ita m505 labarinta ya fi koyarwa. Na'ura ce siririya mai jikin ƙarfe, tana da launuka 65,536, amma fitilarta mai rauni ce kuma ba a iya ƙara mata ƙarfi, kunnawa ne kawai ko kashewa, domin an so a tattala batir. A rana tsaka lafiya lau, a cikin duhu sosai ana iya karantawa, amma a hasken ofis na yau da kullum, inda mafi yawan masu ita suke yini, sai ta zama dishi-dishi. Shekara guda bayan haka, a watan Maris na 2002, kamfanin ya fito da m515, wadda babban abin da ya bambanta ta, ban da ninka ma'adana zuwa megabait 16, shi ne fitila mai ƙarfi da ake iya sauya mata mataki.

Maganin da ya zauna daga baya shi ne allo mai haɗa biyun, wanda kowane ɗigonsa wani ɓangare yana mayar da hasken waje, wani ɓangare yana barin hasken fitilar baya ya ratso. iPAQ H3900 ta zo da shi a 2002, Palm kuma ya sa shi a Zire 71 da Tungsten C a 2003, daga nan wannan gardama ta lafa.

Idan ka tambaye ni wadda ta fi amfani a zangon farko, zan ce iPAQ H3600, duk da cewa launukanta 4,096 ne kacal. Ana karanta ta a waje, fitilarta tana da ƙarfin da ya wadatar a ɗaki, kuma tana da ɗan ma'aunin haske da ke daidaita fitilar da kanta. Na'urar da aka yi domin aljihu, wajibi ne ta yi aiki a duk inda aljihun ya je.

Mai Zanen Manhaja ta rubuta:

Na amfana da bayanin Baba Injiniya, Allah ya ƙara sani. Sai dai, da izininsa, ina ganin haske rabin labarin ne, domin allo yana iya haskawa sosai amma ido ya gaji da shi cikin ɗan lokaci. Sauran rabin yana ga yawan ɗigo da kuma yadda ake sarrafa su.

Palm IIIc da Prism da m505 duk suna da ɗigo 160 a kwance da 160 a tsaye, jimla 25,600. Na'urorin Pocket PC, tsarin da Microsoft ya ƙaddamar a watan Afrilun 2000, suna da 240 da 320, wato 76,800, ninki 3 cif. Lokacin da allon Palm yake marar launi, girman ɗigon bai dami kowa ba, amma da aka sa farar fitila mai ƙarfi a bayansa, sai baƙin layin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo ya bayyana, mai karatu ya riƙa ganin raga a kan rubutu. Ga mai duba kalanda na daƙiƙa kaɗan wannan ba komai ba ne, ga mai karanta dogon rubutu kuwa wahala ce. A ɗaya ɓangaren, manhajar karatu ta Microsoft Reader ta zo da fasahar ClearType, wadda ke sarrafa gidajen nan 3 na kowane ɗigo ɗaya bayan ɗaya domin ta sassauta gefen haruffa. A nan launi ya yi wa rubutu hidima ta hanyar da mai saye bai ma yi tsammani ba.

Sony ne ya nuna cewa tsarin Palm yana iya wuce wannan iyaka, da ya fito da N710C a 2001 mai ɗigo 320 da 320, jimla 102,400. Ya zaɓi ninki 2 daidai a kowane gefe ne domin tsofaffin manhajoji su ci gaba da aiki, kowane tsohon ɗigo ya zama sababbi 4. Abin lura shi ne launukan wannan na'ura 256 ne kawai, amma duk wanda ya ajiye ta kusa da mai launuka 65,536 da ɗigo 160 ya san wadda idonsa ya fi so. Ita ma ba ta tsira daga suka ba, domin haruffan da Sony ya zana wa sabon allon sirara ne ƙwarai, a kan allon da dama can farinsa ba fari sol ba ne.

Sai kuma bambancin allon TFT da na STN, nau'i biyu na allon LCD. A na farko kowane gidan ɗigo yana da taransista tasa da ke riƙe masa caji, a na biyu kuwa layi-layi ake bi ana kunnawa, don haka ya fi araha amma ya fi nawa. Idan aka ja shafi sama ko ƙasa a kan STN, rubutun yana barin inuwa a bayansa kafin ya daidaita, launinsa kuma yana sauyawa da an ɗan karkata na'urar. HP Jornada 540 da Palm m130 irin wannan allo suke da shi.

Waɗannan biyun kuma su ne suka fallasa yadda adadin launi ya zama kayan talla. Lissafin mai sauƙi ne, ya danganta da yawan bit, wato ƙwayoyin bayanin da aka ware wa launin kowane ɗigo: bit 8 yana ba da launuka 256, bit 12 yana ba da 4,096, bit 16 yana ba da 65,536. An tallata Jornada 540 a matsayin mai 65,536, amma a watan Mayun 2000 kamfanin HP ya amsa cewa 4,096 take nunawa, ya kuma yi tayin mayar da kuɗi ga wanda bai gamsu ba. Haka ya sake faruwa da m130, wadda ta fito a watan Maris na 2002 a kan dala 279. A watan Agustan shekarar Palm ya amsa cewa allonta na bit 12 ne, kuma da dabarar gauraya ɗigo ne ake kaiwa ga abin da ya ƙiyasta haɗin launi 58,621, daga bisani shi ma ya yi tayin mayar da kuɗi. Dubi tazarar da ke tsakanin Maris da Agusta. Na'urar tana hannun jama'a duk tsawon watannin nan, amma sai masu bin diddigi ne suka gano, domin bambancin ba ya fitowa sai a hoto mai launi da ke sauyawa a hankali, irin sararin sama ko fatar fuska, inda ƙarancin launi ke sa a ga zobe-zobe. A kalanda da littafin adireshi babu mai iya rarrabewa.

Ɗalibin Tarihin Kwamfuta ya rubuta:

Na gode, Baba Injiniya, na gode, Malama. Yanzu na fahimci dalilin da ya sa mutum biyu za su riƙe na'ura iri ɗaya, ɗaya ya yaba, ɗaya ya kushe, tunda wurin da kowannensu yake aiki ya bambanta. Abin da ya rage mini shi ne batun batir da aikin yau da kullum. Shin launin ya sauya yadda mutum yake mu'amala da na'urar, ko kuwa ado ne aka ɗora a kan abin da dama yake aiki?

Ma'aikacin Ofis ya rubuta:

Malam ɗalibi, ya sauya, kuma ba duka ta fuskar alheri ba. Na yi aiki da marar launi da mai launi duka, don haka bari in faɗi abin da takardar bayanai ba ta nunawa.

Palm marar launi irin III da IIIx batir 2 ƙanana na AAA take ci, kuma suna kai mutum makonni, har ya manta da maganarsu. Dalili shi ne yadda ake amfani da ita: ka danna maɓallin kalanda, ta buɗe nan take, ka duba, ka kashe, duk cikin daƙiƙa kaɗan, fitila kuma a kashe. Da launi ya zo da fitilar da ba ta mutuwa, sai aka koma ƙirga ƙarfin batir da awanni, aka koma batirin lithiyam wanda galibi yake manne a ciki, na'urar ta zama abin da ake ɗorawa a mazauninta na caji kamar farilla. Mai tafiya kuma sai ya ɗauki caja, tunda ba zai iya sayen batir a hanya ya sauya ba.

Wannan ya fi yadda ake zato haɗari, saboda a wancan zamani bayanan mutum da manhajojin da ya ɗora suna zaune ne a ma'adanar da ke buƙatar wuta kullum. Idan batir ya ƙare ƙurmus aka bar na'urar a haka, komai yana gogewa, sai dai a dawo da shi daga kwamfutar tebur ta manhajar haɗa su, HotSync a ɓangaren Palm ko ActiveSync a ɓangaren Microsoft, kuma abin da aka rubuta bayan haɗawar ƙarshe ya tafi ke nan. Saboda haka masu na'ura mai launi suka koyi rage fitila zuwa ƙasa, wato su biya kuɗin allo mai haske sannan su dushe shi da hannunsu.

Akwai kuma nauyi. IIIc ta kai kimanin gram 190 kuma ta fi 'yan'uwanta tsawo, a daidai lokacin da Palm V siririya ta koya wa mutane cewa na'ura tana iya ɓacewa a aljihun riga. Wannan ne ya sa na fahimci abin da aka so cimma da m505 mai kimanin gram 140, ko da yake Baba ya faɗi abin da aka sadaukar kafin a kai can.

Game da manhaja, kalanda da littafin adireshin da suka zo da Palm OS 3.5, tsarin da ke tafiyar da na'urorin Palm, ba su yi wani amfani da launi ba in ban da kan shafi da maɓallai. Sai manhajojin wasu kamfanoni ne suka ba mutum damar ware taron aiki da launi ɗaya, na iyali da wani. Inda launi ya yi rana tun farko shi ne taswira da hotuna da wasanni da shafukan intanet da ake saukewa ta manhajar AvantGo a karanta daga baya.

Amma ribar da na fi jin daɗinta ita ce baƙin rubutu a kan farin shafi. Tsohon allo toka ne a kan kore-kore, kuma lokacinsa mafi muni shi ne magariba ko ɗaki mai ƙarancin haske, inda hasken waje bai isa ba, fitilar kuma ba ta da ƙarfin da za ta yi tasiri. A Palm V da IIIx fitilar ma juya allon take yi, rubutu ya zama shi ne mai haske, don haka a irin wannan lokaci rubutu da shafi su kan haɗe su zama abu ɗaya. Allo mai fitilar baya ya kawar da wannan matsala gaba ɗaya, kuma ga wanda idonsa ya fara rauni, wannan kaɗai ya isa dalilin saye.

Kada kuma a manta da shafin taɓawa. Shafuka 2 ne masu ɗaukar wuta, na saman roba ce mai lanƙwasa, sai an danna da alƙalamin na'urar su haɗu. Yana rage haske, yana ƙyalli, yana karcewa, musamman wurin rubutun Graffiti, wato tsarin rubutun hannu na Palm, inda alƙalami ke bi dare da rana, kuma idan aka liƙa ledar kariya sai allon ya ƙara dushewa. Su Pocket PC ba su da keɓaɓɓen wurin rubutu, a cikin allon ake buɗe shi, don haka wani yanki na ƙarin ɗigon da Malama ta lissafa yana tafiya ne ga wurin rubutun duk lokacin da ake shigar da bayani.

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Na yarda da Malama a kan yawan ɗigo, sai dai har yanzu ina sa shi a mataki na biyu, tunda kaifin rubutu ba ya amfanar wanda bai ga rubutun ba sam.

Batun kuɗi, Malam ɗalibi, kasuwar ta ba ka amsa da kanta idan ka jera tagwayen na'urori. A farkon 2000 tazarar IIIc da IIIxe dala 200 ce, ko da yake a cikinta har da batir mai caji da ɗan ƙarin sauri. A watan Oktoba Prism tana dala 449, Visor Platinum marar launi mai sauri iri ɗaya tana 299, tazara 150. A 2001 m505 tana 449, m500 tana 399, tazara ta koma 50. A ganina wanda aikinsa kalanda da adireshi ne bai yi asarar komai ba idan ya jira, wanda kuma yake buƙatar taswira ko hoto ko yawan karatu cikin ɗaki ya sami abin da ya biya.

Akwai wani abu da ya karkatar da hukuncin masu saye, wanda ya dace ka sa a nazarinka. A cikin kanti ake gwada na'ura, ƙarƙashin fitilar rufi, sau da yawa tana jone da wuta an ƙure mata haske, kuma a wannan yanayi allo mai fitilar baya kullum shi ke cinye gasa, mai madubi ya zama kamar marar lafiya a gefensa. Sai an kai gida an fita da ita waje ake sanin ɗaya fuskar.

Idan kuma za ka gwada tsofaffin na'urorin da hannunka, kada ka yi musu hukunci da yadda suke a yau. Da yawa daga cikinsu siririn bututun fitila mai iskar gas suke amfani da shi, wanda ke raunana da tsufa, farinsa ya koma rawaya ko ja-ja, shafin fuskar allon ma yana lalacewa da zafi da laima, batirin asali kuwa da wuya ka samu mai rai. Hotunan da ake ɗauka da kyamara su ma ba abin dogaro ba ne, domin kyamara tana daidaita haske da kanta, ta sa allo mai duhu ya fito tas. Ka samu aƙalla ɗaya mai fitilar baya da ɗaya mai madubi, ka buɗe shafin rubutu iri ɗaya a kansu, ka duba su a rana, da bakin taga, da hasken ofis, da kuma ɗaki mai duhu, kana rubuta matakin da ka sa fitilar kowacce a kowane wuri.